Yadda Ake Aikin Sa-kai na Tantance Marasa Lafiya Don Tiyata Kyauta a Jirgin Ruwan Asibiti

Jirgin ruwan asibiti yakan yada zango a tashar ƙasa ɗaya na kimanin wata 10, bisa gayyatar gwamnatin ƙasar. Ƙungiyar da ta yi fice a wannan aiki ita ce Mercy Ships, wadda aka kafa a 1978. Jirage biyu gare ta yanzu: Africa Mercy mai ɗakin tiyata 5, da Global Mercy mai ɗaki 6, wanda ya fara karɓar marasa lafiya a Dakar a 2023 kafin ya wuce Freetown ta Saliyo. Tun jirgi bai iso ba an riga an ƙididdige yawan aikin da kowane likita zai iya yi a makonnin da zai zauna. Masu bukata kuwa kullum sun ninka gurbin da ke akwai. Aikin mai tantancewa shi ne ya gano wanda tiyatar jirgin za ta amfana kuma jikinsa zai ɗauka, sannan ya sallami sauran cikin mutunci da gaskiya. Wannan kashi na biyu ya fi yawa, ya kuma fi wuya.

Kafin ka nema

Hanya biyu ce. Ma'aikacin jinya ko likita yana cike takardar neman aiki a shafin ƙungiyar na intanet, da lasisin aiki mai rai, da gogewar shekaru, galibi aƙalla 2, da Turancin da zai iya aiki da shi, domin shi ne harshen jirgin. A al'adance ɗan sa-kai ba ya karɓar albashi, shi ke neman kuɗin tafiyarsa, don haka ka tambayi abin da ke kanka tun kafin ka sa hannu. Hanya ta biyu ta 'yan ƙasar da jirgin ya sauka ce, waɗanda ake ɗauka aikin yini a matsayin tafinta, masu rajista da masu tsara layi, ana ba su ɗan alawus. Ƙungiyar ta Kirista ce, amma addinin mara lafiya ba sharaɗi ba ne kafin a yi masa aiki, kuma ba a karɓar ko sisi.

Ka tanadi fasfo, katin rigakafin shawara, allurar ciwon hanta nau'in B, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro idan daga ƙasar da babu ita ka fito.

Kayan aiki

Na awo: na'urar awon hawan jini da maɗauri girma uku (na yaro, na babba, na mai kaurin hannu), na'urar sauraron ƙirji, ma'aunin zafin jiki, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini da bugun zuciya, sikeli, tef ɗin awon damtsen yara, tocila ƙarama, allon gwajin ido mai harafin E, da rula. Idan tsarinku ya haɗa da gwajin jini a wurin, sai a ƙara na'urar awon yawan jini, ta awon sukari, kayan gwajin maleriya na nan take, da na gwajin juna biyu.

Na tsafta: safar hannu, takunkumi, ruwan goge hannu, auduga, da kwalin zubar da allura.

Na rubutu: fom ɗin rajista, katin alƙawari, takardun turawa wani asibiti, biro da maka masu yawa, kyamara ko ƙaramar kwamfutar ƙungiya, da batirin caji. Ko da kwamfuta kuke aiki, ku riƙe fom na takarda da zai isa yini guda.

Na fili: igiya ko shinge, rumfa, benci, labule ko tamfol na yin lungun sirri, lasifika, ruwan sha. Kai kanka kana bukatar hula, takalmi rufaffe, da abin taɓawa a aljihu.

1. Haddace jerin abin da jirgin ke yi

Kada ka tsaya gaban mara lafiya sai wannan jeri ya zauna maka a ka. Galibi ya ƙunshi ƙarin fuska da muƙamuƙi da wuya wanda ba na daji ba, tsagewar leɓe da ganɗa, maƙoƙo, ƙaba da gwaiwa, tabon ƙuna da ya ɗaure gaɓa, gyaran fuskar da cutar noma (mai ruɓar da kumatu da leɓen yara) ta zaizaye, lanƙwasar ƙafar yara, yanar ido, da yoyon fitsari. Jerin yana canjawa daga zango zuwa zango gwargwadon likitocin da aka samu, har da iyakar shekaru ga kowane aiki. Takardar ƙa'ida ta wannan zangon ita ce abin bi. Duk alƙalumman da za su zo a ƙasa na gama-gari ne, idan suka saɓa da takardar jirgin, a bi ta jirgin.

Abin da ba a yi shi ma ka san shi: ba a kula da ciwon daji da ke bukatar allurar kashe ƙwayoyinsa ko gasa su da na'ura, ba a kula da ciwon sukari, hawan jini, farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki ko rashin haihuwa.

2. Tsara fili kafin a tara jama'a

A watan Maris na 2011, a filin wasa na ƙasa da ke Freetown, cunkoso ya ɓarke a bakin ƙofa ranar tantancewa, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata. Yanzu an fi karkata ga rarraba aikin a asibitocin yankuna tare da ma'aikatar lafiya ta ƙasar, maimakon tara dubbai a wuri guda. Amma ko mutum 200 ne, tsarin ɗaya ne.

Ƙofar shiga ɗaya, ta fita daban, kuma nesa da juna. Wanda aka sallama kada ya bi ta cikin layi, domin hawayensa ko fushinsa zai tada hankalin masu jira. Layi ya zama mai faɗin mutum ɗaya, a lanƙwasa shi da igiya yadda na baya ba za su iya turo na gaba da ƙarfi ɗaya ba. A riƙa shigo da mutane rukuni-rukuni, goma ko ashirin, sai an gama da su a buɗe wa wasu. Jami'an tsaro su iso kafin jama'a, wato tun daren jajibiri, don da yawa a wurin suke kwana.

Kuskuren da ya fi jawo turmutsutsu shi ne raba kati ko lamba ta saman kawunan mutane. Da zarar aka ga ana miƙa wani abu, layi ya watse. Idan turereniya ta fara, a rufe ƙofa, a dakatar da aiki, a yi magana ta lasifika da harshen da jama'a ke ji har kowa ya zauna.

Sanarwar rediyo ma a kula da ita. Idan aka ce “jirgin likitoci ya zo”, kowane mai ciwon kai zai taho. A ambaci cututtukan ɗaya bayan ɗaya, a liƙa hotunansu, a maimaita cewa kyauta ne.

3. Zagayen farko a kan layi

Ma'aikacin jinya ɗaya da tafinta ɗaya su bi layi tun da asuba, minti ɗaya ko biyu ga kowane mutum. Tambaya guda ce: me ya kawo ka, nuna mini. Wanda matsalarsa ba ta cikin jeri a sanar da shi a nan, kada a bar shi ya yini a rana sannan ya ji a'a da la'asar.

Idonka ya riƙa neman mutum uku. Na farko, mai bukatar gaggawa: numfashi da ƙyar, ƙabar da ta kumbura ta ƙi komawa ga ciwo da amai, yaron da kumatunsa ke ruɓewa yanzu-yanzu da wari. Waɗannan asibitin gari mafi kusa za su tafi nan take, ba jirgi ba. Na biyu, mai tarin da ya daɗe ko ƙuraje da zazzaɓi: a ba shi takunkumi a ware shi gefe. Na uku, wanda ya lulluɓe fuska da mayafi ya raɓe a ƙarshen layi. Sau da yawa shi ne mai babban ƙari, ko mace mai yoyon fitsari da ke gudun kada a ji warin jikinta. Irinsu ba sa kutsawa gaba, sai an je an same su.

4. Rajista

Nan ake asarar marasa lafiya ba a sani ba. Rubuta cikakken suna yadda yake a katin shaida, da sunan da ake kiran mutum da shi a gida, da sunan gari da unguwa da wata alama ta kusa. A ƙasashe irin su Gini ko Kamaru rubutun suna galibi na bin tsarin Faransanci, kada ka sauya shi da naka. Karɓi lambar waya biyu, ka buga ɗaya a gaban mai ita ka ji ta yi ƙara. Idan ba shi da waya, ɗauki ta ma'aikacin lafiyar ƙauyensu ko ta shugaban unguwa.

Wanda bai san shekarunsa ba, a kimanta da wani abin da kowa a ƙasar ke tunawa, a rubuta cewa kimantawa ce. Kowa ya samu lamba tasa, ita za ta bi fom, hoto da kati.

5. Awon jiki

Mutum ya zauna minti 5 kafin a auna hawan jininsa, hannu a daidai ƙirji. Ƙaramin maɗauri a kan kakkauran hannu yana ba da lamba mai yawa ta ƙarya. Wanda ya kwana a layi cikin fargaba jininsa zai hau, don haka idan ka ga lamba mai tsawo ka sake aunawa bayan ya huta. Wanda ya tsaya a 180 bisa 110 ko sama, yawanci ba a shiga da shi tiyatar da ba ta gaggawa ba sai an saukar da shi. Wannan jinkiri ne, a tura shi ya fara shan magani ya dawo.

Zafin jiki 38 ko fiye, a yi gwajin maleriya, a karanta sakamakon a daidai lokacin da takardar kwalin ta faɗa, galibi minti 15 zuwa 20. Wanda aka bari ya daɗe yana iya nuna layin da ba na gaskiya ba. Na'urar yatsa tana ruɗewa da yatsa mai sanyi ko jan farce, sai a murza yatsan ko a canja wani. Wajen awon yawan jini, goge ɗigon farko, kuma kada ka matse yatsa, ruwan nama zai gauraya ya rage lambar. In babu na'ura, ja fatar ido ta ƙasa ka duba, ka duba tafin hannu; fari fat alamar ƙarancin jini ce, a rubuta a jira gwaji.

In babu sikelin jarirai, auna uwa da ɗa tare, sannan uwa ita kaɗai, ka cire. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 a auna tsakiyar damtsensa: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 matsakaiciya.

Tambayoyin da ba a tsallakewa: sikila, asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, magungunan da yake sha har da na gargajiya, tiyatar da aka taɓa yi masa da yadda ya farka daga barcinta, da ranar al'adar ƙarshe ga mace.

6. Duba ciwon kansa

Ƙari. Tambaya mafi amfani ita ce yaushe ya fara. Ƙarin muƙamuƙi da ya shekara biyar ko goma yana girma a hankali, fatar kansa lafiya lau, ko ya kai girman kan jariri yana iya zama wanda za a cire mutum ya warke. Wanda kuwa ya fito cikin 'yan watanni, ya fashe yana jini, ya manne ba ya motsi, ga kaluluwa mai tauri a wuya, ga rama, wannan ya fi kama da na daji. Sabon shiga girman ƙari ke tsorata shi, gwani saurin girmansa yake tambaya. Yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin makonni, haƙora suka fara girgiɗi, a yi zargin sankarar Burkitt. Magani take bukata cikin gaggawa a asibitin da ke kula da dajin yara, wuƙa ba ta da amfani a kanta. Kai dai kada ka furta wa kowa sunan ciwo. Sai hoton ciki da gwajin tsokar da aka ɗiba ke tabbatarwa.

Duk mai kumburi a fuska ko wuya a tambaye shi: kana iya kwanciya rigingine? Kana farkawa cikin dare numfashi ya sarƙe? Murya ta canja? Abinci na wucewa? Sa shi ya buɗe baki ka ga ko yatsunsa uku za su shiga a tsaye. Amsoshin nan likitan sa barci ke bukata, kuma su ke sa a gabatar da wani a kan wani.

Maƙoƙo. Ba shi ruwa ya haɗiya, kumburin zai hau ya sauka. Ƙirga bugun zuciya, sa shi ya miƙa hannuwa ka duba karkarwa, tambayi rama duk da yawan ci, yawan zufa, da fitowar ido. Mai waɗannan alamu sinadarin maƙogwaronsa ya yi yawa, kuma yi masa tiyata a haka na iya kashe shi. Sai ya yi makonni ko watanni yana shan magani ana gwada jininsa, shi ya sa ake neman masu maƙoƙo tun farkon zango.

Tsagewar leɓe da ganɗa. Haska tocila ka duba rufin baki, kada ka tsaya a leɓe. Tsohuwar ƙa'idar likitoci ita ce goma uku: mako 10 da haihuwa, nauyin kusan kilo 4.5 wato laba 10, da yawan jini 10. Jaririn da ganɗarsa ta tsage ba ya iya zuƙar nono sosai, don haka da yawa sukan zo a rame. Irin wannan ba a kore shi, a haɗa uwar da masu kula da ciyar da jarirai, a koya mata tatsa da ba shi da cokali ko kofi yana zaune, a sa ranar sake awo.

Ƙaba da gwaiwa. A bayan labule, mutum na tsaye, ya yi tari, sannan ya kwanta a ga ko tana komawa. Namiji ya duba namiji in da hali, kuma kada a rasa mutum na uku a wurin.

Tabon ƙuna da na noma. Sai ciwon ya warke sarai, babu ɗanyen gyambo. Rubuta abin da mutum ya kasa yi: ɗaga hannu, rufe ido, riƙe cokali, buɗe baki. Wanda aikin zai dawo masa da amfanin gaɓa ya fi samun gurbi a kan mai neman gyaran kamanni.

Ƙafar yara. Sa yaro ya yi tafiya ka kalla ta gaba da ta baya, auna tazarar gwiwoyi ko ta idon sawu. Iyaye su sani tun yanzu cewa bayan tiyata akwai watanni na filasta da motsa jiki.

Ido. Allon E a nisan mita 6, ido ɗaya a rufe da tafin hannu ba tare da dannawa ba. In babu allo, ƙirga yatsu a mita 3, sannan motsin hannu, sannan haske. Idon da ba ya ganin hasken tocila ko kaɗan, cire yanar ba zai dawo da ganinsa ba. Farin ɗigo a tsakiyar idon ƙaramin yaro kuwa a kai wa likitan ido a ranar, yana iya zama dajin ido.

Yoyon fitsari. Mace ce za ta yi tambayar, da tafinta mace, a inda ba mai ji. Yaushe ya fara, bayan wace haihuwa, kwana nawa ta yi tana naƙuda, dare da rana yake zuba ko sai ta yi tari, akwai bayan gida a ciki, sau nawa aka taɓa gwada gyarawa. Wadda ba ta daɗe da haihuwa ba galibi akan jira kimanin wata 3.

7. Hoto

Nemi izini tukuna. Hoton farko ya nuna fuska da lambar mutum a rubuce a takarda, sannan gaba, dama, hagu, da rula a gefen ciwon. Haske ya kasance a bayanka. Da na'urar ƙungiya ake ɗauka, ba da wayarka ba, kuma hoton mara lafiya ba ya hawa Facebook ko WhatsApp ko da ya ce ya yarda. Likitan da zai yanke hukunci wataƙila yana wata nahiya, hoton nan da rubutunka su ne idonsa.

8. Faɗin a'a

Zauna, kada ka faɗa a tsaye. Yi magana da mara lafiya kana kallonsa, ba tafinta ba, a gajerun jimloli. Tun da safe ku yi yarjejeniya da tafinta cewa zai faɗi abin da ka faɗa daidai, domin tausayi kan sa ya mayar da “ba za mu iya ba” ta koma “ka dawo wani lokaci”. Mutumin da ya ji haka zai sayar da abin hannunsa ya sake yin tafiyar kwana biyu. Saboda haka kalmomin “wataƙila” da “bari mu gani” ba su da wuri sai in da gaske akwai jerin jira kuma ka sa sunansa.

Faɗi dalili a sauƙaƙe: “Baba, wannan ciwo ba irin wanda tiyatar jirgin ke warkarwa ba ne. In an yanka, ba zai tafi ba, zai ƙara maka wahala.” Ba shi takardar turawa mai sunan asibitin da aka riga aka yi magana da su. Wanda ciwonsa ya wuce magani a haɗa shi da masu kula da rage raɗaɗi in yana kusa da inda suke zuwa. Sa shi ya maimaita abin da ya fahimta. Bari ya yi shiru ko ya yi kuka, kada ka cika wurin da surutu. Mai son addu'a a yi masa, wanda bai nema ba kada a ɗora masa.

Kada ka zaro kuɗi daga aljihunka, kada ka ba da lambar wayarka, kada ka ce za ka yi magana da likita a ɓoye. In kana shakka a kan wani, hanyar ita ce ka kira shugaban tawaga a lokacin.

9. Katin alƙawari

Wanda ya tsallake, gaya masa a fili cewa katin na ganin likitan tiyata ne, shi zai yanke hukuncin ƙarshe bayan gwaje-gwaje a jirgi. Katin ya ɗauki suna, lamba, rana, wurin haɗuwa, da hoto in zai yiwu, saboda akan sayar da kati ko a ba ɗan'uwa. Wanda ba ya karatu a danganta masa ranar da wani abin da ya sani, a kuma faɗa wa ɗan rakiyarsa. Yaro dole ya zo da babba ɗaya da zai zauna da shi har a sallame shi. A tambayi wa zai kula da sauran yaran gida, domin wannan na hana iyaye mata da yawa zuwa. Waɗanda suka fito daga nesa akan sauke su a masaukin ƙungiyar da ke cikin gari, wanda ake kira HOPE Center, kafin tiyata da bayanta. A bayyana yadda sufuri zai kasance, a sake nanata cewa duk wanda ya nemi kuɗi da sunan jirgin ɗan damfara ne.

10. Rufe aikin yini

Kafin kowa ya tashi, a ƙirga fom a gwada da yawan katin da aka bayar da hotunan da aka ɗauka. Lambar da ta maimaitu ko hoton da ba shi da suna a gyara a ranar, gobe ba mai tunawa. A kwafe bayanai wuri biyu, a kulle takardu, a rufe kwalin allura idan ya kai kashi uku cikin huɗu. A fitar da sunayen masu matsalar numfashi da jarirai masu rama a miƙa wa shugaban tawaga a daren. Waɗanda aka tura asibitin gari da gaggawa a buga waya a ji ko sun isa. Sannan a zauna minti 15 a faɗi abin da ya tafi daidai da abin da za a sauya a tsarin layin gobe, a sa batura a caji, a cika jakunkunan safar hannu da fom.